Rariyar Shayin Godelieve

Wata goma sha huɗu ke nan kwalaben Nele ba su yi ja ba.

Kowace safiya takan jingine kekenta a bayan ginin cibiyar binciken tsirrai, ta hau bene na uku ko rigar ruwa ba ta cire ba, ta wuce kai tsaye ɗakin renon ƙwayoyin tsiro. A can kwalabe fiye da ɗari ke jere a kan tebura masu girgiza, kowace da ruwan sukari da gishiri a cikinta, ƙwayoyin tsiro suna yawo a ruwan kamar gudajin kunu. Goma sha biyu na can kusurwa su ne nata. Sai ta ɗaga ɗaya ta kai ta kusa da fitila, ta jujjuya, ko za ta ga ɗan ja ko da a gefe ne. Fari fat. Ta mayar, ta ɗauki ta biyu, duk da ta san amsar.

Ƙwayoyin na wani fure ne mai launin ruwan lemo, irin wanda ake shukawa a bakin shinge. Idan tsutsa ta ciji saiwarsa, ko ruɓa ta kama shi, yakan fitar da wani jan sinadari mai ɗaci da ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma wannan jan ne masu haɗa magani ke nema. Shekara goma sha tara da suka wuce Madam Godelieve, mai kula da ɗakin reno, ta yanki ɗan guntun saiwar furen ta raine shi a kwalba, har ya bar zama saiwa ya koma ƙwayoyi zalla, babu ganye babu fure. Tun daga lokacin, duk bayan mako biyu, takan zo ranar Litinin ƙarfe shida da rabi na safe, ta rufe ƙofa, ta kunna rediyo, ta ɗebi kaɗan daga tsohuwar kwalba ta juye a sabon ruwa. Kwana uku da juyewa sai kwalbar ta yi ja wur. Kowa a cibiyar 'ya'yan Godelieve yake kiran su.

A kansu Nele ke yin digirin digirgir. Tambayarta ɗaya ce: ƙwayar da ba ta da ido ba ta da kunne, me ke gaya mata lokaci ya yi da za ta fara haɗa wannan jan? Shekara biyu tana karɓar kwalabe daga hannun Godelieve tana aunawa, kuma ta kusa sakankancewa sabon ruwan sukarin ne ke tashin su, kamar yadda kowa a gidan ya ɗauka. Ana nan sai Godelieve ta yi ritaya, ta bar mata takarda shafi biyu da ta rubuta dukan matakan a ciki. Nele ta bi takardar layi-layi, ko waƙafi ba ta tsallake ba. Juyi na farko kwalaben suka yi ja-ja. A na uku suka koma fari, kuma ba su sake canjawa ba.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta ƙara sukari, ta rage sukari. Ta canja fitila, ta canja ɗumin ɗakin, ta sa aka kawo sabon gishiri daga wani kamfani. Da gudajin suka yi ta toshe mata siririn bututun zuƙa, sai ta samo mai faɗin baki wanda ke ɗaukar su sukutum ba tare da ya ji musu ciwo ba, ta riƙa riƙon kwalaben kamar ƙwai. Sau biyu ta kira Godelieve a waya, bayan ta rubuta abin da za ta ce a bayan ambulan don kada ta rikice. Sau biyun amsa ɗaya ta samu: komai na cikin takardar, 'yata.

Wannes, wanda teburinsa ke kallon nata, ya daina cewa 'ya'yan Godelieve ya koma cewa madarar Nele. Idan ya haɗa shayinsa na ganye yakan leƙo ya tambaye ta ko za ta ɗan tsiyaya masa daga kwalba ta huɗu, shayin ya yi ƙarfi. Ba mugu ba ne, haka yake yi wa kowa. Ita ce dai ba ta iya mayar da magana nan take ba, sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai a kan littafinta.

Wata Litinin a watan Maris, Farfesa Dumortier, mai duba aikinta, ya tsayar da ita bayan taro. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce mata kowa ya san ƙwayoyin kwalba suna tsufa, wasu su manta abin da suka iya, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Ya ce ɗakin reno ya cika, mutum uku na jiran wuri tun kafin Kirsimeti.

"Juma'ar mako mai zuwa, Nele. Idan ba su yi ja ba, a sa su a tukunyar tururi a kashe su. Zan ba ki sabon aiki, mai kyau."

"Daga farko, Farfesa?"

"Daga farko."

Ta so ta ce shekara uku ce fa. Ta so ta ce idan aka dafe ƙwayoyin, duk awon da ta yi a shekara biyun farko zai zama kamar mafarki ta yi, tunda babu wanda zai iya maimaita shi. Amma to kawai ta ce. Ta fita ta shiga ɗakin rataye riguna, ta tsaya tsakanin fararen riguna har numfashinta ya daidaita.

Larabar makon ta kama ranar haihuwar Godelieve. A al'adar wurin, mai ranar haihuwa shi ke kawo wa abokan aiki kek, kuma ritaya ba ta sa Godelieve ta fasa ba. Ƙarfe goma daidai ta shigo ɗakin shan kofi da kek ɗin shinkafa guda biyu a kwali, gashinta ya jiƙe da yayyafi, tana yi wa wannan faɗan ya rame, wancan ya yi ƙiba, wancan kuma har yanzu bai auri yarinyar nan ta garin Bruges ba. Nele ta zauna a ƙarshen tebur da yankanta a faranti, ba ta taɓa ba. Ta riga ta yanke shawara ba tambaya za ta yi ba, tambaya ta yi sau biyu ba ta kai ta ko'ina ba. Ta jira har mutane suka fara tashi, sannan ta matso da kujerarta.

"Madam Godelieve, don Allah ko za ki juye min kwalba ɗaya? Ɗaya kawai. Ni dai in tsaya in kalla."

Godelieve ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaye ta me za ta gani wanda ba ya cikin takarda. Nele ta ce ba ta sani ba, shi ya sa take so ta gani. Sannan, da ƙyar, ta gaya mata maganar Juma'a da tukunyar tururi. Nan tsohuwar ta ajiye cokalinta a faranti. Ta ce a ba ta farar rigar aiki.

A gaban teburin aiki mai murfin gilashi Godelieve ta zauna kamar jiya ta bar shi. Ta goge hannu da sifirit, ta kunna ɗan harshen wuta, ta jera kwalabe biyu, tsohuwa a hagu sabuwa a dama. Sai hannunta na hagu ya sauka da kansa ya ja aljihun tebur na ƙasa ya lalube ciki, ita kuwa idonta na kan kwalba. Ta lalube sau biyu, sannan ta sunkuya ta duba.

"Ina rariyata?"

"Wace rariya?"

"Ta gudaji mana. Nan take zama, ita da cokalinta."

Wannes ya biyo su da kofin shayi don ya ga abin da za a yi, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya dubi kofin, ya dubi Godelieve.

"'Yar ƙarama ta ƙarfe, mai lanƙwasasshen hannu?"

"Ita."

"Ai a kicin take. Da aka gyara aljihun bayan tafiyarki na ɗauka wani ne ya manta ta. Shekara guda ke nan da ita nake tace shayi."

"Shi ya sa bakinka ya ƙara ɗaci," in ji Godelieve. "Je ka ɗauko, ɗan banza, ka wanke ta da sabulu."

Sai da rariyar da cokalin suka yi awa guda a tukunyar tururi don kashe ƙwayoyin cuta kafin a yarda su hau teburin. A wannan awar Godelieve ta ci yankan kek na biyu, Nele kuma ta tambaye ta, a hankali don kada ta ji kamar tuhuma ce, me ya sa rariyar ba ta cikin takarda. Godelieve ta ce ai wannan ba aiki ba ne, share hanya ne. Gudajin ne ke toshe bututu, sai ta murje su su wuce. Wa ke rubuta cewa ya ɗaure gashi kafin ya zauna? Sannan ta rage murya ta ce tsohon shugaban cibiyar, wanda ya ɗauke ta aiki, ya hana shigo da kayan kicin ɗakin gwaji, har ya taɓa korar wani a kan wuƙar yanka burodi. Ita kuwa rariyar daga kicin ɗin mahaifiyarta ta ɗauko ta. Shi ya sa take zuwa shida da rabi ta rufe ƙofa. Mutumin ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, amma ita ta riga ta saba, ta ci gaba da rufewa.

Da rariyar ta huce, Godelieve ta ɗora ta a bakin sabuwar kwalba, ta zuba ƙwayoyin, ta kama cokali ta danna su da bayansa da ƙarfi, tana murzawa kamar mai tace tumatir. Nele ta ji abin har cikin haƙoranta. Wata goma sha huɗu tana lallaɓa waɗannan ƙwayoyi, ga shi ana dirza su a kan ƙarfe.

"Madam, ai kina fasa su."

"Kaɗan ne ke fashewa. Sauran lafiyarsu ƙalau."

Nele ta matso kusa. Tana kallon ruwan da ke ɗiga daga ƙasan rariyar, ya yi dishi-dishi da ɓarɓashin waɗanda suka fashe, sai tsutsar nan mai cizon saiwa ta faɗo mata a rai. Ƙwayar da ke cikin kwalba ba ta san a kwalba take ba. Idan ɓarɓashin maƙwabciyarta ya taɓa jikinta, me za ta ɗauka in ban da ana cin saiwa? Ta nemi alƙalami ba ta samu ba, ta zare na aljihun rigar Wannes ba tare da ta tambaye shi ba, ta fara rubutu a kan safar hannunta.

Alhamis kwalbar fara ce. Juma'a ma fara, ko da yake da yamma Nele ta ga kamar ta ɗan sauya, ta hana kanta yarda. Asabar da safe ginin babu kowa sai mai goge bene. Ta tsaya a ƙofar ɗakin reno na ɗan lokaci hannunta a kan mariƙi, sannan ta tura. Tun daga bakin ƙofa ta hango ta, ba sai ta ɗaga ba: kwalba ɗaya ja wur a tsakiyar fararen, tana girgiza tare da su kamar ba komai. Nele ta zauna a ƙasa da rigar ruwanta, ta daɗe tana kallo.

Ba ta gaya wa Farfesa ba. Ta san abin da zai ce, don ita ma da ita ce shi haka za ta ce: kwalba ɗaya ce, kuma hannun Godelieve ne. Ta tace jar kwalbar ta ajiye don awo, ta zauna ta tsara yadda za ta raba wurarenta goma sha biyu.

Ranar Litinin ta yi aikin da kanta. Kwalabe uku ta juye su yadda ta saba, a hankali. Uku ta murje da rariya. A ta farko hannunta ya ƙi dannawa, sai da ta tuna fuskar Godelieve sannan ta danna da gaske. Sauran shidan su ne ainihin tambayar. Ta murje wasu ƙwayoyi daban, ta tace ruwansu har ya zama babu ƙwaya ko ɗaya a ciki, sai abin da ya narke daga jikin waɗanda suka fashe, ta ɗiga wa ƙwayoyin da ba a taɓa ba. Idan waɗannan suka yi ja, to ba ciwon ne ke tashin su ba, labarin ciwon ne. A uku daga cikin shidan kuma ta fara zuba wani sinadari da ke toshe ƙofofin da sinadarin kalsiyam ke bi ya shiga ƙwaya, don ta karanta cewa a wasu tsirrai ta nan saƙo ke fara shiga. Sinadarin na Wannes ne. Ya miƙo mata shi ba tare da wasa ba, har ya nuna mata yadda ake auna shi, sannan ya ɓata abin da tambayar yaushe za a mayar masa da rariyarsa, wai shayin jaka yana sa shi baƙin ciki.

Laraba ɗaya daga cikin murzazzun ta ɓaci. Fumfuna ta shiga, ruwan ya yi kore-kore. Nele ta san inda ta yi kuskure, hannun rigarta ne ya gogi bakin kwalbar. Ta zubar da ita, ta wuni ba ta ci komai ba, tana duba sauran goma sha ɗayan kowace awa ko su ma sun kamu. Ba su kamu ba. Alhamis da rana ta same su yadda ta zana a littafinta: na hankali fari, murzazzu biyu ja, waɗanda suka sha ruwan kawai ja har sun fi murzazzun, na toshewa kuma fari fat. Ta ɗebi kaɗan daga kowace ta duba a madubin ƙara girma, ta ɗauki hotuna, ta kira Godelieve ba tare da ta rubuta komai a ambulan ba.

Juma'a ƙarfe tara ta turo kwalaben a kan keken ɗaukar kaya zuwa ɗakin taro. Mutum goma sha biyar na zaune, Godelieve a can baya da jakarta a cinya. Nele ta jera kwalaben a tebur, ta ɗauki takardarta ta fara karantawa, muryarta na rawa har ta maimaita layi ɗaya sau biyu. Farfesa Dumortier bai jira ta gama ba. Ya taso ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ja, ya kai ta taga.

"Me kika yi wa wannan?"

"Ba a taɓa ta ba, Farfesa. Ruwan waɗanda suka fashe kawai na ɗiga mata."

"Waɗancan fararen na ƙarshe fa?"

"Ruwa ɗaya suka sha. Ƙofar na toshe."

Ya ce ta ajiye takardar ta yi masa bayani. Ta ajiye. Ta ce idan ƙwaya ta fashe, gutsattsarin bangonta suna narkewa a ruwa, maƙwabta kuma suna da masu gadi a fatarsu da ke gane waɗannan gutsattsari. Da sun taɓa su sai ƙofofi su buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki. Daga nan tana zaton wani saƙo na biyu ne ke tashi a cikin ƙwayar ya je ya buɗe umarnin haɗa jan, amma wannan ba ta nuna ba tukuna, zato ne. Abin da ta nuna shi ne idan aka toshe ƙofar, saƙon yana tsayawa a waje, kwalba ta zauna fara ko da ɓarɓashi ya cika ta. Sukari ba shi da hannu a ciki. Ƙwayoyin ba su tsufa ba, ba su manta komai ba, wata goma sha huɗu ne babu wanda ya gaya musu komai. Sai da ta kai nan ta lura muryarta ta daina rawa tun tuni.

Wani daga tsakiyar ɗakin ya ce wataƙila sinadarin toshewar kashe ƙwayoyin ya yi, matacce kuwa ba ya yin ja. Nele ta ce ita ma ta yi wannan tunanin, ta haska hotunan jiya a bango. Ƙwayoyin suna raye, wasu ma a tsakiyar rabuwa biyu aka kama su. Mutumin ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu.

Farfesa ya tambaya da wane inji aka fasa ƙwayoyin, don shi bai san suna da irinsa a gidan ba. Nele ta sa hannu a aljihun rigarta ta ciro rariyar a nannaɗe, ta warware ta ajiye kusa da kwalaben. Wannes ya ce a gaskiya ta fi yi wa shayi kyau, amma ya sadaukar da ita ga ilimi. Farfesa ya ɗauki rariyar ya duba lanƙwasasshen hannun, ya duba ramukan, sai dariya ta kama shi har ya nemi kujera ya zauna. Da ta sake shi ya juya baya.

"Godelieve, shekara goma sha tara. Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"Ba ka taɓa zuwa shida da rabi ba, Farfesa."

Ya ce sunanta zai fito a takardar binciken da za a buga, na biyu bayan na Nele. Godelieve ta ce su yi yadda suka ga dama da sunan, ita rariyar mahaifiyarta take so. Su auna ramukan su sa a ƙera musu tasu. Aka yarda za ta bar musu ita na wata guda. Farfesa ya jawo takardar rabon wurare ta ɗakin reno, ya soke layin da ya rubuta a gaban sunan Nele, ya ɗago.

"Wuri nawa kike buƙata?"

Ita da ta shigo da niyyar roƙon a bar mata goma sha biyunta. Ta ce ashirin da huɗu, ta ga ya kai alƙalami ba tare da ya ko ɗaga gira ba. Ta yi lissafin saƙon nan na biyu, kwalba nawa zai ci kafin a kama shi, da waɗanda fumfuna za ta cinye a hanya.

"A'a, Farfesa. Arba'in."

Wannes ya ce arba'in ai har da nasa a ciki, sai dai ya kai saiwoyinsa gida ya raine su a bahon wanka. Farfesa ya ce za a sayo sabon tebur, ya rubuta arba'in, ya ja layi a ƙarƙashi.

Mutane suka taso suna so su riƙe kwalaben su ga jan da kyau, amma Nele ta duba agogo ta ce su yi haƙuri, kusan awa guda ke nan ƙwayoyin ba su girgiza ba, za su fara kwanciya a ƙasan kwalba. Ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya ta ɗora a keke, Godelieve ta riƙe mata ƙofa, ta tura su zuwa ɗakin reno.